Nababa da Bakin da Ya Ce “Ya Yi Albarka”

Idan aka idar da sallar asuba a Rijiyar Ɗinya, Nababa wanzami yakan rataya zabirarsa ya bi zaure-zaure. Wannan a gyara masa gemu, wancan a yi masa ƙwal. Ba ya gaggawa. Sai ya jiƙa kan mutum, ya wasa aska, ya jefa magana ɗaya ya yi shiru. Mai kai kuwa, da yake ba shi da damar tashi, sai ya yi ta zuba. Mutanenmu sun ɗauka aski kawai ake yi. Hannu ne ke aski, kunne yana can yana nasa aikin: wa muryarsa ke tsallake danga, wa ya iya kwaikwayon tafiyar surukinsa, wa ke ƙifta ido idan ya shirga ƙarya. Domin bayan girbi, in ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gari za ta yi wasanta na tarihi a filin firamare, Nababa ne ke cewa wane zai fito a wane.

Ba shi ke tsara labari ba, bai taɓa fitowa ba, ba a kuma taɓa faɗin sunansa a lasifika ba. Bana hannunsa ya soma rawa, ya ajiye aska, ya ce samari su karɓi rabon. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi nasa yana ji.

Ana cewa wai aikin ba shi da wuya: mai tumbi ya fito a attajiri, dogo a dogari, mai murtukakkiyar fuska a mugu. Ni na tsufa ina koyarwa a aji, na ga masu fuskar salihai da suka fi kowa iya shege, saboda haka wannan magana ba ta taɓa shiga kaina ba. Kuma masu faɗinta sun manta inda muke. A birni ɗan wasa yakan cire riga ya shiga mota ya ɓace. Mu nan gona na jikin gona, gida na jikin gida, abin da ka fito a shi da la'asar shi za a kira ka da shi da safe. Usaini ya fito a ɓarawon akuya tun kafin Nababa ya karɓi aikin. Ya je Makka ya dawo, aka koma ce masa Alhaji Ɓarawo. Jikokinsa na nan, ku tambaye su.

To, sai shekarun fari suka zo. Damina ta ɗauke gero na fitar da kai. Majiya ƙarfi suka tafi ci-rani, mata suka koma tankaɗe dusa, wasu rumbunan kuma aka liƙe su, masu su na jiran tsada. A wannan shekarar ƙungiya ta ce za ta yi wasan tsohuwar yunwar da kakanninmu ke ba da labari, da wani mutum a cikinsa mai ɓoye hatsi. Kowa ya san a wajenmu ba a cewa hatsi ya ƙare, sai dai a ce ya yi albarka. Shi wannan mutumin na wasa, rumbunsa cike, duk wanda ya zo da ƙwarya sai ya ce masa, “Ai ya yi albarka.” Mai roƙo ya ji babu, shi kuwa a ransa bai yi ƙarya ba.

Wa zai faɗi wannan a gaban mutanen da suka kwana da yunwa? Kowa ya noƙe. Mai unguwa ya ce, “A ba Tasi'u mana. Fuskarsa kaɗai ta isa. Kuma baƙo ne, ba wanda zai ji kunya.” Tasi'u kuwa farin nan ne ya koro shi daga arewa, yana ƙwadago, da iyalinsa a ɗakin aro.

Nababa ya ce, “Ranka ya daɗe, in aka kira Tasi'u mai ɓoye hatsi a wannan shekara, wa zai sake ba shi noma? Yara ma jifansa za su yi. Wannan kaya sai wanda sunansa zai iya ɗauka.”

Washegari ya nufi zauren Sama'ilu. Duk Rijiyar Ɗinya ba mai sunan da ya kai nasa tsabta. Shi ke haƙa kabari ba a kira shi ba, kuma a wannan farin ma bai daina aika ɗan abin da ya samu gidajen zawarawa ba. Sai da Nababa ya shafa masa sabulu, aska ta sauka ƙarƙashin haɓa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Sama'ilu ya ce, “Nababa, ɗauke askar nan daga wuyana tukuna, kada a ce dole aka yi mini.”

Matarsa Zuliha tana jin su daga bayan zana. Ta ce, “Malam Nababa, duk kawunan da kake askewa a garin nan, na maigidana ka ga ya dace da zagi? So kake in je rijiya a ce ga matar mugu?”

“Zuliha, in ya fito a mutumin kirki, wa zai san wasa ake yi?”

“To ka fito da kanka mana!”

“Ni aska ce a hannuna, kowa tsorona yake ji. Shi kuwa sonsa ake yi.”

Sama'ilu ya san abin da ake nema ya ajiye: sunan da ya tara tun yana saurayi, wanda in ya ɓaci a bakin yaran gari ba mai iya wanke shi. Can ya ce, “In ban yi ba, Tasi'u za a ba?” Nababa ya ce e. Sama'ilu ya ce, “To ƙarasa askin.”

Ina wurin ranar wasan, a ɓangaren mata. Nababa bai bar Tasi'u a gida ba, shi ya ba ƙwaryar roƙo. Da Tasi'u ya tsaya gaban Sama'ilu ya miƙa ta, ba wanda ya koya masa yadda ake riƙe ta. Sama'ilu ya gyara malum-malum ta aro, ya shafa cikinsa, ya waiwayi rumbun karan da aka kafa, ya ce a hankali, da murmushi, “Ai ya yi albarka.”

Fili ya yi tsit. Na ga fuskoki sun sauya, domin da yawa sun ji wannan maganar a wannan makon, a ƙofar gidajen da suka sani. Wani daga baya ya jefo hogen ƙasa, ya fashe kusa da ƙafar Sama'ilu. Zuliha ta damƙe hannuna. Sai tsohuwa Fanta, wadda kullum tuwon gidansa ke zuwa mata, ta miƙe a kan sandarta ta ce da ƙarfi, “Haba Sama'ilu! Ji tsoron Allah ka ba shi, wannan ba halinka ba ne!”

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba a shekarun nan. Har Tasi'u sai da ya rufe fuska da ƙwarya. Daga nan aka yi ta tsine wa mai ɓoye hatsi har wasa ya ƙare, amma ba wanda ya haɗa da Sama'ilu.

Yanzu za ka ji ana cewa wasan nan ne ya kori yunwa daga garinmu. Ba haka ba ne, ruwan sama ne ya kore ta, shi ma sai da ya ga dama. Abin da na gani da idona bai kai haka ba, amma ya ishe ni. Bayan wasan, duk wanda ya ce ya yi albarka sai a tambaye shi, “Ta gaske, ko irin ta filin firamare?” Akwai rumbunan da wannan tambayar ta buɗe, don masu su sun gaji da dariyar maƙwabta. Suna kuwa ya bi Sama'ilu kamar yadda aka ji tsoro, sai dai ya zo a juye: Sama'ilu Albarka. Zuliha da ta yi ta faɗa, yau in ba a ce mata matar Albarka ba sai ta ƙi amsawa. Tasi'u bai koma arewa ba. Gonarsa na gabas da gari, 'ya'yansa sun yi aure a cikinmu.

Kai ne, Nababa, ka ƙi ɗora wa marar gata abin da masu gata suka gudu suka bari. Kai ne ka san mutanenka har ka san inda dariyarsu za ta fito ranar da ba su da abin dariya. Wanzami mai aski da kunne! Shekara da shekaru ka raba sarakuna da bayi, maƙera da mayaƙa, har ƙattin da ka ɗaura wa zane suka fito a mata, ban taɓa jin wanda ya koma gida da sunan da ya hana shi shiga mutane ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba hannun nan sauƙi, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma samarin da kuka karɓa, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya magana. Kafin ku miƙa wa mutum rigar mugu, kada ku tsaya kan fuskarsa. Ku duba ko akwai wanda zai miƙe a cikin taro ya ce wannan ba halinsa ba ne. In babu, ku nemi wani.