Hannun da Na Ƙi Saki

'Yan'uwa, ku ji abin da wasan yara ya yi mini yau!

Jikata Hafsat ta zo hutu Daura da wani wasa na takarda da ƙwayar ludo. Kowa jarumi ne a cikin labari, ita ce alƙaliya. Ta ce, "Tsoho, zauna, saura mutum ɗaya."

A labarin, garkuwa tana hagu, da dama kuma ina riƙe da ƙanena da aka ji wa rauni. Ta ce in raɗa masa suna. Sai bakina ya ce Sule! Ƙanena Sule na Mai'adua, wanda rabona da jin muryarsa tun rigimar rabon gonar Baba.

Sai ga 'yan fashi! Hafsat ta ce, "Doka ce, hannu biyu gare ka. Saki ɗaya ka zaro takobi."

Na ce, "Na yar da garkuwar."

"Angona, kafin ka zaro sun sare ka fa!"

Na ce, "Su sara."

Ta jefa ƙwaya. Suka sare ni! Yara suna ta dariya, ni kuwa hannuna na dama yana dunƙule, ya ƙi buɗewa.

Don Allah, mai lambar Sule ya turo mini yanzu.