Lambar da Mai Alli Ta Ƙi Murɗawa

A sashen fiziks na jami'ar, kowane malami yana da abin nuna wa baƙo. Wannan yana da na'ura mai gurnani, wancan yana da ɗakin gwaji mai sanyi kamar firji. Ita kuwa Mai Alli, kamar yadda ɗalibai suka laƙaba mata, allo gare ta, da kujera mai ɗingishi, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ofishin nan, kuma ba ta taɓa shiga da baƙar riga ta fito da ita baƙa ba.

Aikinta lissafin abin da ido bai taɓa gani ba ne. A tsakiyar kowace ƙwayar zarra akwai wata 'yar cibiya, inda wasu ƙwayoyi da suka fi ta ƙanƙanta ke cunkushe. Ita takan zauna ta lissafa yadda suke zama a ciki, da siffar da cibiyar ke ɗauka. Masu manyan na'urori a wasu wurare su ke aunawa, su ce an dace ko ba a dace ba.

Shekara goma sha tara da suka wuce, lissafinta ya nuna cewa cibiyar wani sinadari, wadda kowa ya ɗauka a mulmule take, doguwa ce kamar ƙwai. Ba a rufa wata shida ba wani babban ɗakin gwaji ya auna, ya ce sam, a mulmule take.

To, masu wannan sana'a suna da wata dabara. A cikin lissafin akwai lambobi biyu ko uku da ba wanda ya san ainihin girmansu, idan sakamako ya saɓa da awo sai a ɗan murɗa ɗaya har ya zauna. Ba sata ba ce, kowa na yi. Ɗalibinta na digiri na uku ya murɗa a kwamfuta, kafin shayinta ya huce cibiyar ta mulmule.

"Malama, ga shi ya zauna," in ji shi. "Mu aika wa mujalla kawai."

"Sauran cibiyoyi shida da lissafin ya faɗa daidai fa?"

"Sun ɗan goce."

"To, ɗana, mayar da lambar inda ka same ta."

Maigidanta tela ne, shi ma ya sa baki. Ya ce a shagonsa riga ce ke bin awo, bai taɓa jin inda awo ya bi riga ba. Ta ce, "Baban yara, in mai rigar ya tsuke cikinsa lokacin awon fa?" Ya yi dariya har almakashi ya faɗi, daga ranar bai sake ce mata ta sauya ba.

Taurin kan ya ci mata abubuwa da yawa, ba sai an ɓoye ba. Manyan mujallu uku suka dawo mata da takardar, sai wata 'yar ƙarama ta buga. Ƙarin girma ya riƙa wuce ta yana gaida na bayanta. Ɗalibin ya koma wurin wani malami, ya zama farfesa, ya zama shugaban sashen. Abin ya yi mata ciwo sosai, amma kullum ƙarfe takwas tana gaban allo.

Bana saura wata uku ta yi ritaya, aka sa taro ranar Alhamis don a cire darasinta daga manhaja. Hujjarsu ba ta da tsawo: babu mai son gadon darasin, kuma babban aikin da ya fito daga cikinsa an ce kuskure ne. Ritaya ba ta dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ta fita, a kulle ƙofar bayanta, ba wani ɗalibi da zai sake koyon wannan lissafi a sashen.

Ranar Litinin da hantsi saƙo ya shigo kwamfutarta daga mutanen da ba ta sani ba. Sun gina sabuwar na'ura, sun sake auna cibiyar. Awon farko, in ji su, ya haɗa da wani sinadari da ya gurɓata samfurin. Cibiyar doguwa ce, tsawonta kuma ya zo daf da abin da ta rubuta a 'yar mujallar nan. Suna roƙon ta duba takardarsu kafin su buga. Ta karanta sau uku, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa. Sannan ta fitar da kwafin takardar tasu guda goma sha biyu.

Ranar Alhamis ta riga kowa shiga ɗakin taro, ta ajiye kwafi a gaban kowace kujera, ta koma ƙarshen tebur inda ta saba zama. Aka shigo ana raha, sai kowa ya duƙufa kan takardar da ke gabansa.

Shugaban sashe ya kai ƙarshen shafi ya miƙe tsaye.

"Ni ne na murɗa lambar nan," ya ce. "Malama ta ce in mayar. Da ta ji maganata, yau da muna cikin waɗanda ake gyara wa kuskure. Maganar cire darasi ta mutu. Saura wanda zai karɓa."

Hannu huɗu suka tashi. Daɗi ya cika Mai Alli har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta zaɓi wata malama da ba ta daɗe da zuwa sashen ba, wadda ta lura tana karanta shafin lissafin da yatsa, layi bayan layi.

Bayan taro ta ja ta zuwa ofis, ta buɗe kabad, ta ɗora mata litattafan rubutu goma sha huɗu a hannu, har suka kai mata haɓa.

"Ki fara da na uku, 'yata," ta ce. "Na ɗaya da na biyu duk shirme ne. Amma kada ki yar, nan za ki ga yadda na gane."