Ciwon Wuyan Ottmar Brenneke

Ottmar Brenneke mai rufin gidaje ne a garin Duisburg. Duk wanda ya hau tsani da shi ya san ba ya iya zama wuri ɗaya. Burodinsa ma a tsaye yake ci. Kuma ko sanyi zai kashe shi, ba ya ɓalla maɓallin wuyan rigarsa.

Zamanin yaƙin duniya na biyu, in hafsa ya ƙwallafa rai a kan babbar lambar yabo ta jarumta da ake ratayawa a wuya, sai sojoji su ce yana ciwon wuya. Kyaftin ɗin su Ottmar ya kamu da wannan ciwon. Ya tura su tsare wata gada a Rasha, ya mutu can da yawancinsu. Ottmar ya ja ragowar ya tsallake da su, shi aka rataya wa lambar. Tun daga nan wuyansa ya daina jure komai.

Da auren 'yarsa Gesine ya matso, uban ango, wani tsohon manjo, ya zo shan kofi.

"Ranar biki za ka sa lambarka," in ji manjon. "Dangina su san gidan da muka nemi aure."

Ottmar yana kai-komo tsakanin taga da ƙofa. "Ranka ya daɗe, kai ma har yanzu wuyan bai warke ba?"

Manjon ya ajiye kofi, ya ɗauki hularsa ya fita.

"Baba, ka kashe min aure!" Gesine ta ce. "Da wuya a buɗe za ka kai ni coci, kamar ka sauko daga rufi?"

"To daga ina na sauko?"

Bai ba kowa haƙuri ba. Washegari ya ɗora tsani a gidan manjon, wanda rufinsa ya daɗe yana yoyo, ya yini a sama. Manjon ya leƙo ta taga, ya koma. Da rana sai ga giya an miƙo.

Ranar biki lambar na cikin gwangwanin ƙusoshi inda ta saba zama. Ottmar ya miƙa wa Gesine nektai.

"Ɗaura, kafin in sake shawara."

Ta ɗaura. Gumi na keto masa, yatsansa na kaiwa wuya yana dawowa, amma har aka gama yana zaune.