Tatsuniyar da Kaka Ba Ta Rufe Ba

A gidanmu na unguwar Mardjandafak, da an idar da sallar magariba a lokacin sanyi, sai mu kewaye murhun gawayi, Kaka Hajjo ta hau ba mu tatsuniya. Kawu Sale, autanta, shi ne mai ɓata mata zama. Fawa yake yi a mayankar Farcha, kuma wani direba ya ba shi kaset ɗin wani tsohon baƙar fata ɗan Amurka mai busa begila, kiɗan da ake kira jaz. Kullum sai ya kunna.

"Kashe mini kukan akuyar nan!" in ji Kaka.

"Iya, ba ki iya jinsa ba ne," ya ce yana dariya. "Ki riƙe waƙar farko a ranki. Mai busar zai bar ta ya tafi yawo, amma ki jira, sai ya dawo kanta."

Ran da harbi ya ɓarke a gari, Kawu ya fita tun asuba, har magariba shiru. Aka rufe ƙofa. Ƙanena ya fara kuka, mahaifiyata tana ta kai da kawowa a tsakar gida. Sai ga Kaka da kanta ta ɗauko rediyon Kawu, ta danna kaset ɗin da ta tsana, ta rage murya.

"Ya iyal, yarana, ku matso. Ga wata nan, ku tare ta."

Ta ce wai an yi wani yaro mai busa sarewa da aka ƙetare da shi kogi, ba a bar masa komai ba sai waƙar da uwarsa ke yi in tana daka. Duk lokacin da begilar ta hau sama, Kaka ta ce ya shiga daji. In ta yi ƙasa, ta ce ƙishirwa ce ta kama shi. In wani abu ya fashe ta wajen kogi, sai ta ɗaga murya ta ce, "Ku dai ku riƙe waƙar farko." Na riƙe ta, domin na gane ba yaron sarewa take jira ba.

Sai busar ta fara ja da ƙyar, ta yi kauri, ta tsaya. Batir ya mutu a tsakiyar yawon.

"Kaka, ki ce ƙurunƙus mana," in ji ƙanena.

"Ba a rufe tatsuniya mai ita yana hanya," ta ce. Ta tura gawayi da tsinke.

An nemi Kawu a Farcha, an nemi shi a asibiti da bakin kogi. Ba a samu ko takalminsa ba. Kaka ta ba mu tatsuniyoyi da yawa bayan haka, amma wannan har ta rasu ba ta koma kanta ba.

Sai da na girma na iya sauraron kaset ɗin har ƙarshe. Kawu bai yi ƙarya ba, mai busar ya dawo kan waƙar farko, a hankali, kamar mai shigowa gida da sallama. Na yi kuka ranar kamar ba gobe.

Yanzu duk mai son fara jin kiɗan mutumin nan, abin da Kawu ya faɗa wa Kaka nake faɗa masa. 'Ya'yana kuwa sun san dokar gidana: ko wuta ce ta kama tuwo, ba a kashe mini kiɗan nan sai ya dawo.