Idon Baba na Hagu

Shekarun baya ne, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, ina ɗinki a Kasuwar Umdurman, mahaifina ya daina sa hula da rawani. Mutumin da ya tsufa a gonakin audugar Jazira bai taɓa fita da kai a buɗe ba, sai ga shi haka nan a masallacin unguwarmu ta Dar Salam.

Da na tambaye shi, ya ce fatar kansa ke ciwo, hula na taɓa gefen goshinsa sai ya ji kamar garwashi. Ko kisra, wainar dawar nan mai laushi, yake taunawa, muƙamuƙinsa gajiya yake yi. Ni kuwa, sarkin sani, na ce rikicin tsufa ne. Bakin mutane ne ya dame ni: a ce tela guda ya bar ubansa yana yawo ba hula.

Ranar Juma'a na naɗa masa rawani da hannuna, na ja shi tamau.

"Sassauta, ya waladi, ɗana," in ji shi.

"Baba, daure na awa ɗaya. Kada ka ba mu kunya."

Ya bar rawanin a kansa muka tafi masallaci. Haka muka yi kusan wata biyu, iyakar ƙoƙarina in kai shi wajen wanzami a yi masa ƙaho.

Wata safiya muna shan shayi, ya tambaye ni wa ya tsaya a hagunsa ya tare masa haske. Babu kowa a wurin.

A asibiti a Khartum, likita ta shafa gefen goshinsa, ta kama yatsana ta ɗora a kai. Jijiyar ta yi tauri kamar igiya, ba ta harbawa. Ta ce jijiyoyin jini ne suka kumbura har jini ya daina kaiwa ido. Aka ɗebi jini, aka yanki ɗan guntun jijiyar don gwaji, amma ba ta jira sakamako ba. A ranar ta fara ba shi maganin kumburi, kortizon, don a ceci idon dama.

"Ya Hajj, duk tsawon lokacin nan ba ka gaya wa kowa ba?" ta tambaye shi.

"Ban faɗa ba, 'yata. Laifina ne."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban ce uffan ba, kuma shirun nan shi ya fi ci mini rai har gobe.

Idon dama ya tsira, na hagu bai dawo ba. Tun daga nan, in tsoho ya ce wuri kaza na masa ciwo, ba na tsayawa gardama, asibiti muke nufa.

Baba ya ƙara shekaru a duniya bai taɓa goranta mini ba. Da gori ne ma, da sauƙi. Duk sanda za mu tsallaka titi, sai ya jawo ni hagunsa ya riƙe mini hannu ya ce, "Tsaya nan. Ta wannan gefen kai kaɗai na yarda da shi."