Wainar da Iya Ba Ta Taɓa Ci Ba

Tun farkon daminar bara 'yata Husna ta daina cin abinci. Ba wai ta rufe baki kwata-kwata ba ne. Za ta karɓi loma ɗaya, ta kafe ni da ido tana taunawa kamar an ba ta magani, sannan ta ture kwanon. Yarinyar da shekararta huɗu, wadda a da sai an ɓoye mata tukunya, ta koma wuya zalla, rigunanta suna zamewa daga kafaɗa. Mun je asibiti, an ɗebi jini, an ba da maganin tsutsar ciki, likita ya ce shi bai ga komai ba. Surukata ta aiko da rubutu daga wurin malaminsu. Na hana alawa, na hana lemon kwalba, na koma dama kunun gyaɗa da tuƙa tuwon dawa kamar wata tsohuwa, duk a banza. Ga shi aikina na yawo ne. Wasannin yara nake rubuta wa rediyo, kusan kowane mako sai na je Zariya ko Kano ko Katsina ɗaukar murya. Da fargaba nake fita, da fargaba nake dawowa.

Ashe bayanin ciwon nata yana cikin wata tatsuniya da na haddace tun ina firamare.

A Unguwar Dosa na tashi. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne mai son a ce gidansa ya waye, ya sayo risho, daga baya ya sayo na gas. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, ta dube su duka biyun ta ce ita ba za ta ci tuwon da aka tuƙa a kan fitila ba. Ta sa aka kafa mata duwatsu uku a bayan gida, kusa da bishiyar mangwaro, nan ne fadarta. Da an idar da sallar isha'i sai mu jikoki mu kewaye murhun da tabarma, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu zauna muna haɗiyar yawu. 'Yar guntuwar mace ce mai kaifin baki. Ni Uwar Surutu take kirana, wai tun ina zanin goyo ba na barin kowa ya kai ƙarshen magana. In ta ga mun nutsu sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa. A shigo da ita ko a kore ta?" Mu haɗa baki mu ce, "A shigo da ita!" Baƙuwar kuwa tatsuniya ce.

Duk unguwar an san Iya da waina. Ran Juma'a tun da hantsi ake turo yara da kwanoni, har daga Malali. Amma ita ba ta ci. Ko ƙullun ba ta ɗanɗanawa, sai ta ɗiga mini a tafin hannu ta ce, "Uwar Surutu, bakin nan naki ya yi amfani yau. Gishiri ya ji?" In muka tambaye ta dalili sai ta ce waina ba ta zama mata a ciki. Mu kuwa mun mai da abin wasa. Mu ɗauko mai zafi mu kai mata saitin hanci, ta kawar da kai, ta ɗaga muciya ta bi mu da ita, muna ta ƙyaƙyata dariya.

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ba ta cika yi ba, sai mun nace. Wai a wata shekara ruwa ya ƙi sauka, wata mata ta kama hannun 'yarta suka bar garinsu. Suka yi ta tafiya har takalmin yarinyar ya tsinke, har ta daina tambaya ko an kusa. Suka iso bakin wani babban rafi inda mutane ke jiran kwalekwale. A gindin tsamiya ga wata tsohuwa tana suyar waina, ƙamshi ya cika wurin. Uwar ta kwance bakin zaninta, ta sayi guda biyu, ta zaunar da yarinyar a kan dutse kusa da tandar, ta ce, "Ci abinki, bari in ɗebo mana ruwa." Wainar da zafi. Yarinya ta sunkuya tana hurawa, ta ci ta farko, ta ci ta biyu, ta lashe yatsu. Da ta ɗago kai, babu uwa. Kwalekwale ya kai tsakiyar ruwa. A nan Iya takan rage murya ta rera:

"Inna ta tafi rafi,
Ni ina ta hura zafi."

Mukan amsa mata, har da tafi, don waƙar tana da daɗin bi. Sai tsohuwar mai waina ta ɗauki yarinyar ta riƙe, ta koya mata jiƙa shinkafa da juya tanda, yarinya ta girma a gindin tsamiyar nan tana duban kowane kwalekwale da ya iso.

"Iya, to uwar ta dawo?" Ni ce mai tambayar kullum.

Amsar ba ta taɓa zama ɗaya ba. Wata rana ta ce uwar ta zama balbela, takan zo ta sauka a kan tsamiyar da yamma. Wata rana ta ce ruwa ya tafi da ita. Akwai ranar da ta yi ta tona toka da tsinke, can ta ce, "Ta dawo mana, ina za ta?" Sannan ta ce mu tashi, wuta ta mutu, alhali garwashi na nan jajur.

Darasin kuwa Mama, mahaifiyarmu, ita ce ta fitar mana da shi, kuma ba ta wahala ba: kwaɗayi. Duk wanda ya wawuri nama kafin a raba, ko ya tsaya kallon bakin baƙo, sai ta ce, "Ka ci gaba, ka ga yadda 'yar waina ta ƙare." Iya tana zaune tana jin ta. Da haka na girma. Bayan rasuwar Iya har wasan rediyo na yi da labarin. Na sa yarinyar ta tuba daga kwaɗayi, uwar ta dawo da jakuna ɗauke da dukiya, aka buga kalangu. Shugabana ya yaba, iyaye suka yi ta bugo waya suna godiya.

To, ga yadda nake fita daga gida in tafiya ta kama. Husna tana da ƙulafucin uwa, in ta ga na ɗauki jaka sai ta ƙanƙame ƙafata tana ihu har maƙwabta su leƙo. Ƙanwar mijina Zainab, wadda take zama da Husna in na yi tafiya, ta ce, "Anti, ki daina wahalar da kanki. Ki zuba mata abin da take so, tana sunkuyawa ki sulale." Na gwada, abin ya yi. Ba kuka, ba ja-in-ja. Kuma wace uwa ce a Kaduna ba ta taɓa yin haka ba? Har ƙwarewa na yi. Jaka tana waje tun da wuri, takalmi a hannu, ƙofa a hankali.

Wata Talata Zainab tana da jarrabawa, ni kuma ana jirana a Kano. Sai na kai Husna Abakpa wurin Gwaggo Asabe, yayar babanmu, mace mai sanyi wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Na zuba wa yarinyar taliya da manja, na ajiye mata a tsakar ɗaki, na ƙifta wa Gwaggo ido, na tsinci takalmana na fara sanɗa.

"Ke Bilki! Ajiye takalman nan!"

Sai da na zabura. Na ce a hankali, "Gwaggo, motar Kano fa za ta cika."

"Ta cika ta tashi. Haka kike yi mata kullum?"

Na ce ai don kada ta yi kuka ne. Gwaggo ta dube ni, ta ce, "Ke ce kika fi kowa zama a gaban murhun Iya, amma ba ki ji komai ba. Har a rediyo na ji kin mai da abin wasan kwaɗayi, na kashe akwatina na yi kuka. Ba rafi ba ne, Bilki. Tashar jirgin ƙasa ce, a Funtuwa. Yarinyar nan Iya ce."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ce, "Wace Iya?" Tambayar wauta ce, amma ita ta fito.

"Iya nawa gare ki? Lokacin ba ta fi 'yar nan taki ba. Matar da muke kira kakarmu, mai wainar tasha ce, ba mu haɗa jini da ita ba. Iya ba ta san sunan garinsu ba. Sunan uwarta ma ba ta sani ba, Inna kawai ta sani." Gwaggo ta share ido da bakin mayafi. "Ni ma ba haka kawai ta faɗa mini ba. Ina da ɗan fari na zuba masa shinkafa na sulale zuwa Babbar Kasuwa. Da na dawo ta kwaɗa mini mari, da aurena da komai. Sannan ta rufe ƙofa ta ba ni labari, ta ce kada 'yan'uwana maza su ji, kada su ji kunyar asali. Ko babanku bai sani ba."

Ba abin da ya fara zuwa mini sai hannuna riƙe da waina mai zafi a saitin hancinta, da dariyarmu. Da tafin da muke yi wa waƙar. Mun zauna shekara da shekaru tsohuwa tana gaya mana mafi munin ranar rayuwarta, mu muna ɓare gyaɗa muna cewa ta sake. Mama tana kiranta mai kwaɗayi a gabanta ba ta sani ba. Ni kuma na ɗauki abin na sa masa kalangu na watsa wa duniya. Wallahi kunyar da na ji a ɗakin nan ban taɓa jin irinta ba.

Na juya wajen Husna. Taliyar tana nan yadda na zuba, ko cokalin ba ta taɓa ba. Ba fuskata take kallo ba, takalman da ke hannuna take kallo. Na sha tambayarta me ya sa ba ta cin abinci, amma da faɗa, da barazanar allura. Wannan karon na rarrafa na zauna kusa da ita na ce, "Husna, me ya sa ba kya ci?"

Ta ce, "In na ci, tafiya za ki yi."

Haka ta faɗa, ba kuka, kamar mai faɗin sunan unguwarsu. Gwaggo ta yi salati. Duk kuɗin gwajin jini, duk rubutun da aka ɗura mata, ashe yarinya gadi take yi.

Ban je Kano ranar ba. Amma ban bar aiki ba, don ina son aikina, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ba na so ba. Abin da na bari shi ne sanɗa. Yanzu tun ana gobe nake gaya mata inda za ni da ranar da zan dawo. Ta raka ni bakin get, ta yi kukanta, in shiga keke kukan yana bina har kan titi. Da wuya, amma nawa ne in ɗauka. A da ita nake bar wa.

Na daɗe ina jin haushin matar nan da ta hau jirgi. Daga baya na lura da wani abu da ya ƙara girgiza ni. Ba a bakin masallaci ta ajiye 'yarta ba, ba a gidan mai gari ba. Ta duba tashar duka ta zaɓi wurin da ake dafa abinci. Yunwa ce ta koro ta, ta kai yarinyar inda ba za ta kwana da yunwa ba, kuma wataƙila ta san in suka haɗa ido ba za ta iya tafiya ba. Ita tana da wannan uzurin. Ni ba abin da ya koro ni, kuka ne kawai ba na son ji.

Husna ta fara mai da jiki, alhamdu lillahi. Tana cin tuwo, har ƙari take nema. Sai dai har yau in tana cikin ci ta ga na yafa mayafi, ko da shagon bakin layi za ni, sai ta ajiye cokali ta tsaya kallona. Da na koma asibiti na gaya wa likita, ya yi murmushi ya ce abin yara ne, nan da ɗan lokaci za ta manta. Na yi masa godiya na fito. Ban gaya masa na san wadda ta haura tamanin ba ta manta ba.