Labo na Bakin Rafi da Iskar Taya

A duk ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba a yi wanda ya san iskar taya kamar Labo ba. Haka ake faɗa a ƙauyensu, mai gida goma sha ɗaya, inda babu ko keke.

Labo Bamaguje ne, manomin dawa da auduga. Gonarsa tana bakin wani rafi a kan hanyar Dandume, wanda da rani yakan zama yashi zalla. Tun wajen 1961 motocin ɗaukar kaya ke kafewa a wurin, shi kuwa yana tsaye da fartanya yana kallo. Da kallon ya gane dabarar tsofaffin direbobi: a rage wa taya iska ta baje a kan yashi, in an haye a mayar. Ya ƙara da tasa. Yakan ƙwanƙwasa taya da ƙotar fartanya, kamar mai son jin abin da ya saura a rumbu, sannan ya dubi lodi. In gyaɗa ce, a rage kaɗan, don nauyinta na iya tsaga taya. In auduga ce, girman banza ne, a rage sosai. Ladansa goro, wani lokaci taba.

A 1965 ya makara wajen tsinkar audugarsa. Kasuwannin auduga na kusa duk sun tashi, saura ta Funtuwa, ita ma ranar Alhamis za a ɗauke sikeli. Noman shekara guda ke nan. Ranar Laraba ya samu wuri a motar wani sabon direba, Abdussamad, ya loda buhunansa, ya hau.

Da suka iso rafin ya ce, "Malam direba, tsaya a rage iska."

Abdussamad ya ce, "Baba, littafin motar nan Turawa suka rubuta shi, kuma ba su ce a rage ba."

"Turawan sun taɓa zuwa rafin nan?"

"Kai me ka taɓa tuƙawa?"

"Jaki. Bai taɓa kafewa ba."

Abdussamad ya ba mota wuta. Motar ta kai tsakiya, ta nutse har gindi. Ya yi gaba, ya yi baya, har la'asar. Daga nan ya kashe ta, ya ce, "Baba, bismilla."

Labo ya sauko. Ya karyo tsinke, ya bi tayoyin nan shida ɗaya bayan ɗaya, yana danna bakin iska, yana ƙwanƙwasawa, yana sauraro. Aka tone yashi, aka shimfiɗa kara. Motar ta haye lafiya lau.

A ƙetare hanyar tsakuwa ce, taya mai laushi ba ta yin nisa a kanta.

Labo ya ce, "To, ɗauko famfo a mayar."

"Wane famfo? Ba kai ne mai iska ba?"

"Ni ragewa nake yi. Mayarwa ta direba ce."

Wata mota ba ta biyo ba. Abdussamad ya tafi Funtuwa da ƙafa, ya dawo da famfon aro ranar Alhamis da yamma. Suka shiga gari Juma'a da hantsi, suka tarar da filin kasuwa an share.

Audugar ta koma gida a kan jakuna. Tani, matar Labo, ta shekara biyu tana kaɗa ta.